Na Je Har Tarabulus Ban Kira Sunan Ɗana Ba

A Agadas aka fara tambayata sunan ɗana, na kasa faɗa.

Muna zube ne a tsakar wani gida mai doguwar katanga, mata zalla, kwana na shida muna jiran motar da za ta ratsa da mu sahara zuwa Libiya. Wata 'yar Damagaram mai suna Zinaru, doguwa mai wushirya da bakin tsiya, ta lura kullum ina ciro waya ina kallon hoto. Ta leƙo ta kafaɗata.

"Ƙaninki ne?"

Na ce a'a.

"Ɗanki?"

Na yi shiru.

"Allah sarki, ga shi duk ya rame. Yaya sunansa in riƙa sa shi a addu'a?"

Na ce, "Ki ce ɗan Inna kawai. Allah ya san shi."

Ta kwashe da dariya har da tafa hannu. "Ke baƙauyiya! Ɗan fari ne ko? Kin baro ƙasarku kin zo bakin sahara, amma kunyar tana nan ƙulle a haɓar zane?" Na tashi na bar mata tabarmar, ina cewa a raina wannan ba ta samu tarbiyya ba. Yau da nake ba da labarin nan ita nake ba gaskiya.

Ni Saude ce, 'yar Hunkuyi, mai tuyar waina. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Inna, mahaifiyata, har yau ba ta taɓa kiran sunan Yaya Sale ba, ga shi da furfura a gemu, "mai babur" take ce masa. Ni ma da na haihu, ana yaye yaron aka miƙa wa Inna. Ubansa ya rasu kafin in sake haihuwa, na dawo gidanmu, ya zama shi ne na farin shi ne autan. Gida ɗaya muke, amma Inna yake kira Inna, ni kuwa Yaya yake ce mini. In zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi zancensa in ce "yaron nan". Mata na ta yabona, wai Saude akwai kara. Ni kuma har kaina kumbura yake.

Yana shekara tara zazzaɓi ya sa shi gaba. Muka yi na kemis, muka yi rubutu, muka yi sassaƙe, dasashinsa na ta zubar da jini. Da aka kai shi babban asibiti a Zariya suka ɗebi jini, suka ɗebi ɓargo, suka ce ciwon daji ne na jini. Suka ɗora shi a kan maganin da ake sawa ta jijiya, wanda suke kira kemo. A yi kwanaki a asibiti, a sallamo mu mu ci gaba da jinya a gida, lokaci ya zagayo a koma.

Jinyar gidan ita ce aikin. Wata nas ta zaunar da mu ta gaya mana: ruwan sha sai an tafasa, abinci sai wanda aka sauke yanzu, kwana cikin gidan sauro, mai tari ko mura kada ya matso kusa, in jiki ya yi zafi kada a tsaya gwaje-gwaje, a taho. Gashin kansa ya zube a kan matashi. Bakinsa ya yi ƙuraje har maƙogwaro, kunun tsamiyar da yake so ya zame masa azaba, sai na gyada mai ruwa-ruwa, shi ma cokali uku ya kau da kai. Ni ke tafasa ruwan, ni ke dama kunun, ni ke wanke tsummokaran amai in shanya. Amma in na gama sai in miƙa wa Inna kofin daga bakin ƙofa. Ita ke ba shi. Ita ke kuskure masa baki da ruwan gishiri, ita ke riƙe masa goshi in amai ya taso.

Ranar da ta hana ni sukuni wata Laraba ce, kwana biyu da dawowarmu daga Zariya. Mata sun zo dubiya, Inna ta tsayar da su a rumfa saboda maganar nas. Yaron ya fito zai zaga, jiri ya kwashe shi. Ni ce kusa. Ya kama bakin zanena da hannu biyu, ya jingina kansa a cinyata, wannan kan da babu ko silin gashi. Na ɗaga ido na ga mata huɗu sun zuba mini ido. Wallahi ban san lokacin da na ɓamɓare yatsunsa ba. Na ce, "Kai, je wajen uwarka mana!" Na tura shi wajen Inna. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Oh, Saude ke nan! Ko ciwo bai sa ta zubar da kara ba." Shi kuwa bai yi kuka ba. Ya dube ni, ya goge bakinsa da bayan hannu, ya tafi yana dafa bango.

Ba a yi wata ba wata Hajiya Balaraba ta shigo garin, mai kai mata aikatau Libiya. Mun riga mun sayar da gonar rake da awaki, magani kuwa ba ya jira. Na gaya wa kowa neman kuɗin magani zan tafi, kuma gaskiya ne. Abin da ban gaya wa kowa ba, tun ranar Larabar nan na kasa haɗa ido da yaron. In na leƙa ɗakin sai ya juya fuska bango. Guduwa na yi, na lulluɓe ta da sunan nema.

Daga Agadas aka loda mu a bayan buɗaɗɗiyar mota, ƙafafu na reto, kowa da sanda a kafe tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo, kowa da jarkar ruwa. Ba zan iya ba da labarin sahara duka ba, wani abin ma ba na son tunawa. Kwana na uku na ɗaga jarkata na ji ta sakayau. Ashe ta tsage ta ƙasa, ruwan ya tsiyaye ban sani ba. Na roƙi direba, ya yi kamar da dutse nake. Zinarun nan da na bar wa tabarma ita ta riƙa tsiyaya mini nata a murfin jarka, murfi ɗaya ita, murfi ɗaya ni. Leɓena ya farfashe, harshena ya kumbura, haɗiyar yawu ta zama aiki. A nan na fara sanin abin da yaron ke ji in an nufo shi da cokali.

Da muka tsaya a inuwar wani dutse Zinaru ta ce, "Ke, in kika mutu a nan fa? In na je garinku in ce ina neman ɗan wa? Faɗa mini sunan, ba mai ji sai ni da yashi." Na buɗe baki. Na rufe. Na ja mayafi na lulluɓe fuskata. Ta yi tsaki ta ce, "Allah ya shirye ki," ta miƙo mini murfin.

A Sabha, bayan mun shiga Libiya, muka gane Hajiya Balaraba ta yi mana sakiyar da ba ruwa. Ta ce ta gama biyan komai tun daga Kano, ashe miƙa mu ta yi hannu zuwa hannu kamar buhunan masara. Wata 'yar ƙasarmu da ake kira Madam ta karɓe mu, ta ce kowace sai ta yi mata aikin watanni kafin ta ga ko sisi. Na miƙe zan yi masifa, don ni ba a taka ni in yi shiru. Wani ƙato ya ɗaga tiyo, na koma na zauna. Allah ya isa tsakanina da Balaraba, ban yafe ba. A nan aka raba ni da Zinaru. Aka tura ta wata mota, ta leƙo ta taga tana cewa, "Baƙauyiya, ki gaishe mini da ɗan Inna!" Ban sake jin ɗuriyarta ba.

A Tarabulus, babban birnin ƙasar, gidan wata malamar makaranta Madam ta sa aka kai ni, hawa na uku a wani dogon bene, ana hango teku ta tagar kicin. Mace ce mai faɗa amma ba muguwa ba. Ummu Salma ake ce mata, wato uwar Salma. Abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan: da sunan 'yarta ta fari ake kiranta, a gaban surukarta, a gaban kowa, ita kuma tana amsawa ko a jikinta. Na ce a raina, Larabawan nan dai ba su san kunya ba.

Salma shekararta uku, gashi kamar gemun masara, ga rigimar tsiya. Aikina shara da wanki da renonta. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Na goya ta da tawul irin goyonmu, ta ɗanɗana daɗin, daga nan ba ta barcin rana sai a bayana. Sunanta kuwa ina kiransa sau ɗari a yini. Na koyi ce mata "habibti" yadda uwar ke yi in tana lallashinta. Ban taɓa jin komai ba. Ai 'yar wasu ce, ina abin kunya?

Da Madam ta gama cin gumina na farko na fara aika abin da ya samu gida. Ran Juma'a Ummu Salma ke barina in hau intanet ɗin gidan in tura saƙon murya a wayar Yaya Sale. In ya dawo daga masallaci sai ya kunna a tsakar gida kowa ya ji. Saƙona kullum iri ɗaya ne. In gaishe da Inna, in gaishe da Yaya da matarsa, in gaishe da maƙwabta gida-gida, can a ƙarshe in ce, "Ya mai jikin?" Inna ta amsa, "Da sauƙi, alhamdulillahi. An koma Zariya an dawo. Jiya ya ci tuwo loma biyar, bai yi amai ba." In yi ta maimaita wurin loma biyar ɗin ina gugar kaya. Kewar gida ta ishe ni, har ƙaurin mazarƙwaila nake jin marmari, amma ban taɓa cewa a ba shi wayar ba.

Wata Juma'a ina cikin ɗaukar saƙon, Salma ta hau kujera tana miƙa hannu wajen butar shayi mai zafi. Na yar da zancen na ce, "Salma! Salma habibti, sauko, zo 'yar albarka, zo in goya ki." Na sure ta, na sumbace ta a kumatu, tana ƙyalƙyala dariya. Ashe yatsana na kan wayar. Saƙon ya tafi da komai, ni kuwa ban ko sake sauraronsa ba.

Juma'a ta zagayo na tarar da saƙo biyu. Na farko Yaya Sale ne. "Saude, yaron nan ya hana ni wayata. Tun ranar yake sa a maimaita masa wurin da kike magana da 'yar Larabawan nan, har caji ya ƙare. Ga shi, ya ce shi zai yi miki magana da kansa."

Na biyun gajere ne. Muryar ta sirance, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Yaya, ina wuni. Wace ce Salma?" Ina jin kukan kaji a bayansa. "Ashe kin iya kiran suna. Kin san nawa kuwa?"

Na zauna daɓas a ƙasan kicin. Na san kunya iri-iri a duniya, ta surukai, ta talauci, ta tsayawa a gaban ƙato mai tiyo. Wannan daban ce. Shekara goma ina alfahari da kunyar ɗan fari, sai ga ɗan farin da kansa ya nuna mini wadda ya kamata in ji. Yaro yana kwance, magani na ƙone masa jijiya, yana kashe cajin waya don ya ji yadda muryar uwarsa take in tana lallashi.

Na danna zan amsa. Ina buɗe baki sai na hango tsakar gidanmu: Inna a kan tabarma, matar Yaya tana tsinkar zogale, maƙwabta sun leƙo ta katanga, duk za su ji. Na goge. Na sake ɗauka, na sake gogewa. Kun san abin da na tura a ƙarshe? "Ka riƙa shan magani, ka ji?" Ni 'yasu! Ya amsa da kalma ɗaya, "To." Daga ranar bai sake karɓar wayar ba.

Bayan damina ta faɗi Yaya Sale ya turo saƙo, na ji daga murya ba a tsakar gida ya ɗauka ba. "Saude, ba na son in tayar miki da hankali. Likita ya ce ciwon ya sake tasowa, sun canza masa magani mai ƙarfi. Inna ta gaji, ƙafarta ta kumbura. In da hali ki taho." Na kira Madam ina kuka. Ta ce wa'adina bai cika ba, in na kuskura na fita za ta sa a nemo ni. Ta kashe wayar.

Ummu Salma ta same ni a bakin famfo ina wanke faranti ɗaya tun ɗazu. Da guntun Larabcina da nuni da hannu na gaya mata, na nuna mata hoton. Ta dafe ƙirji. Ta tambayi sunansa. Na kau da kai. Ta ɗauka ban gane ba, ta nuna 'yarta ta ce "Salma", ta nuna hoton tana jira. Na ce mata a garinmu uwa ba ta faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa kamar ta ga mahaukaciya, ta yi wata doguwar magana da ban gane ko rabi ba, amma na gane faɗa ne, kuma na san na ci a yi mini.

Washegari ba ta je makaranta ba. Ta sa ni a motarta, ba ta gaya wa Madam ba, ta kai ni ofishin wata ƙungiya da ke mayar da baƙin haure ƙasashensu. Ta tsaya a layi tare da ni cikin rana har aka rubuta sunana. Da za mu rabu ta ciro wata hular ulu mai laushi, shuɗiya, ta shafa kanta ta nuna hoton. Salma ta riƙe mini ƙafa tana ihu sai da aka ɓamɓare ta. Ganin haka ya sa na tuna wasu yatsun, na juya na shige ban waiwayo ba.

Sati bakwai na yi a sansanin ƙungiyar ina jiran jirgi. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, na makara. Nakan je bayan igiyar shanya inda ba kowa in gwada kiran sunan a hankali. Sai in ji shi baƙo a bakina, kamar ina tauna abin da ban taɓa ci ba.

Jirgi ya sauke mu a Kano. Na shigo motar Zariya da jakar bakko ɗaya, ba tsaraba, ba komai sai hular. Da muka wuce Tashar Yari na fara ganin gonakin rake. Na iso gida da la'asar sakaliya. Labari ya riga ni, mata sun cika rumfa, har da huɗun nan na ranar Laraba. Aka yi ta sannu da zuwa, ya hanya, ya bayan rabuwa, ya mutanen can. Na durƙusa na gaishe da Inna. Na ɗebi ruwa na wanke hannuwana da sabulu har gwiwar hannu, na canza zane, yadda nas ta koya mana.

Yaron yana zaune a ƙofar ɗakin Inna, an jingina shi da matashi. Ya ce a fito da shi tun azahar. Ya Rabbi! Wuyan nan kamar sillen kara. Bai ɗago ba, ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Na taka na isa gabansa na durƙusa. Rumfa ta yi tsit. Na ji idon kowa a ƙeyata.

Na ce, "Nasiru."

Ya waiwaya wajen Inna. Ya ɗauka ita ce, don bai taɓa jin sunan da muryata ba. Inna ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Wata a rumfa ta ce, "Innalillahi! Libiya ta lalata Saude."

Na ce, "Ni ce. Nasiru, ni ce na kira ka."

Ya ɗago ya ƙura mini ido, ya daɗe. Ya ce, "Sake faɗa."

Na sake. Na sake kuma, da ƙarfi, yadda har na bayan katanga za su ji, hawaye na shiga mini baki. Na sa masa hular.

Har yau muna kan hanyar Zariya, likita bai yi mana alkawarin komai ba. Yanzu ni ke ba shi kunun, ni ke kuskure masa baki, ni ke riƙe masa goshi. Mata sun daina cewa Saude akwai kara, na kuwa gode Allah. Amma akwai abin da na gani a wannan la'asar ɗin da ba zai bar ni ba har in mutu. Da na zauna kusa da shi, ya miƙo hannu a hankali ya kama bakin zanena. Da yatsa biyu kawai ya kama, idonsa na kan matan rumfa, yana jiran in ture shi.

Na ɗora hannuna a kan nasa na danne.